Abin da bai kai kaurin silin gashi ba

Ranar da na fara gwada harsashin da na zuba da hannuna, goma na harba, shida suka taɓa takarda. Takardar nan kuwa ba ƙarama ba ce, ta fi faifai faɗi, kuma yadi hamsin kacal ne tsakanina da ita. Sauran huɗun Allah kaɗai ya san dajin da suka nufa. Ɗaya daga cikin shidan ma a kaikaice ya shiga, ya bar wani dogon rami kamar kafar makulli. Na zauna a kan benci ina kallon bindigar kamar ta ci amanata.

Maƙwabcina, wanda shi ya kai ni filin harbin, bai ce uffan ba. Ya karɓi bindigar, ya buɗe ta, ya tabbatar babu komai a ciki, ya sa 'yar farar takarda ta baya don ta kama haske, sannan ya leƙa ta baki. Ya miƙo mini ya ce, "Yaro, duba da kanka." Na leƙa. Cikin bututun ya yi fari-fari, dalma ta shafe shi kamar an yi wa bango yaɓe.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a wani ƙaramin gari a yammacin jihar Pensilbaniya, ina aikin gyaran injina. Farautar barewa a nan kusan kamar bikin kamun kifi take a Argungu, idan lokacinta ya zo ƙarshen Nuwamba gari sai ya yi shiru, kowa ya shiga daji da jar riga mai ruwan lemo. Ni abin da ya ja ni nama ne. Barewa ɗaya, wadda na yi bisimilla na harba da hannuna, tana riƙe gidana wata da watanni. Na sayi tsohuwar bindiga Marlin 336 mai liba, ƙirar shekarun 1970, mai cin harsashin .30-30, wanda tun 1895 ake amfani da shi a ƙasar nan. Ina sayen kwali biyu a shekara ya ishe ni, har 2020 ta zo. Shekarar korona kantunan kayan farauta suka zama wayam, ka zagaya gari uku ba ka samu kwali ɗaya ba. A nan ne maƙwabcin nan nawa ya leƙo ta kan shinge ya ce shi rabonsa da sayen harsashin kanti tun kafin a haifi ɗansa na fari.

Tsoho ne, ya doshi tamanin, ya yi ritaya daga aikin ɗab'i. Ba na iya kiran sa'ar mahaifina da sunansa gatsau yadda suke yi a nan, don haka Baba nake ce masa. Da farko dariya yake yi, yanzu ya saba, har matarsa takan ce mini "Babanka yana gareji." Shi kuma yaro yake ce mini, ni da furfura a gemu.

Abu guda in faɗa kafin in ci gaba, saboda na san daga inda yawancin masu karanta ni suke. A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da shi zai yi amfani da shi, sayarwa ce sai da lasisi. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana, kuma duk wanda yake da dangi a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari ba sai an yi masa bayanin dalili ba. Don haka babu awon albarushi a rubutun nan. Wannan a littafin da kamfanoni suka gwada suka buga ake duba shi, ni ma can nake dubawa, ba na ƙara ko ƙwaya ɗaya da ka. Labarin da nake bayarwa na shekara biyun da na yi ne ina neman dalilin da ya sa harsashi ke ƙin zuwa inda aka aike shi.

Idan na ce dalma, ba ta tukunyar tuwo nake nufi ba, waccan alminiyon ce muke kiranta da sunan. Ina nufin dalma mai nauyi, ta cikin batirin mota, wadda ke narkewa a digiri 327. Ita kaɗai ta cika laushi, farce ma yana zana ta. Akwai ma'aunin tauri da ake kira Brinell, a kansa tsantsar dalma tana wajen 5. Sai an sirka mata kuza da antimoni take yin ƙarfi. Baba yana da taska a garejinsa: bokitai cike da ƙarfen Linotype, wanda a da ake zuba layukan jarida da shi, kashi 84 dalma, 12 antimoni, 4 kuza, taurinsa wajen 22. Lokacin da maɗaba'arsu ta koma kwamfuta aka ce a zubar, shi kuwa ya yi ta jida a bayan motarsa.

Ni da hankalina na makaniki, sai na yanke hukunci tun kafin in tambaya: dalma tana gogewa a bututu saboda laushi, to maganinta tauri. Na ɗebi Linotype zalla na zuba, suka fito fes, suna ƙyalli kamar azurfa, kowane layi ya fita raɗau. Na tura su ta cikin zoben daidaita kauri mai lamba .309, don na karanta cewa bututun .30 faɗinsa .308 na inci ne, a ƙara ɗaya. Su ne goman nan da suka kunyata ni.

Baba ya bar ni na kwana uku ina kankare dalma daga bututu, da buroshin da aka naɗe da zaren jan ƙarfe irin na wanke tukunya. Sai a rana ta huɗu ya ce, "Ka auna bindigarka, ko littafi ka auna?"

Yadda ake aunawa abin dariya ne don sauƙi. Ya ɗauko 'yar ƙwallon dalma mai laushi, irin wadda masunta ke ɗaura wa ƙugiya, ya shafa mata man shafawa, ya tura ta cikin bututun a hankali da sandar tagulla har ta faɗo ta ɗaya gefen. Ta fito ɗauke da hoton cikin bututun. Cikin bututun raifil ba sumul yake ba, yana da kunya da kwari kamar gona, sai dai a murɗe suke, su ne ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa. Yawancin bindigogi kwari huɗu ko shida ne masu zurfi. Marlin a shekarun 1950 ta koma wani salo da ta kira Micro-Groove, kwari da yawa marasa zurfi. Tawa goma sha biyu gare ta. Muka sa maikiromita: .3095. Wato harsashina ya fi ramin da zai bi ƙanƙanta.

A nan gizo ke saƙar. Idan albarushi ya kama, iskar da ke bayan harsashi tana da zafi da matsin da ba a magana. In ta samu 'yar kafa a gefe, ko da ido ba ya ganinta, sai ta kutsa ta wuce, tana yankar jikin dalma kamar wutar walda, tana fesa ta a gaba, harsashin kuma ya bi ta kai ya guge ta a bango. Harbi biyar, kwarin nan marasa zurfi sun cike, babu abin da zai kama harsashi ya juya shi. Dalma mai ɗan laushi, idan aka buge ta ta baya, takan kumbura ta toshe kafar da kanta. Tawa kuwa na mayar da ita ƙanƙara, ba ta kumbura ba ta lanƙwasa. Taurin da na ɗauka magani, shi ya hana ta rufa mini asiri.

Muka sirka rabi Linotype rabi tsantsar dalma, abin ya sauko wajen 15. Na sayi zobe mai .311. Baba ya sa na fara haɗa guda ɗaya babu albarushi babu komai, na gwada ko zai shiga ɗakin harsashi ba tare da tilas ba, domin kauri ma yana da iyaka, kuma iyakar ita ce maƙogwaron da ke gaban ɗakin. Ya shiga lafiya. Asabar ta gaba, goma duka suka taru a wurin da tafin hannuna zai rufe, bututu kuma tas.

Bambancin .309 da .311 kashi biyu ne cikin dubu na inci. Bai kai kaurin silin gashin yawancin mutane ba. Na yi kwanaki ina zargin bindiga, ina zargin albarushi, har na fara duba farashin sabon madubin saiti.

Daga nan aikin ya zama na tsintar tsakuwa a shinkafa, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ragowar jan ƙarfe. Harsashin kanti rigar jan ƙarfe gare shi, yana barin shafe-shafe a bututu, dalma kuwa tana son manne wa wannan shafen. Sai da na wanke shi ƙal da ruwan magani kafin taron ramukan ya ƙara matsewa. Tun daga lokacin ban sake haɗa iri biyun a rana ɗaya ba.

Ta biyu ita ta fi ba ni mamaki, kuma a kanta na fi daɗewa. Ni hancin harsashi nake lallaɓawa, in ya ɗan lotse in jefar. Baba ya ce gindi zan duba. Akwai wani likita a Masachuset, Dakta Franklin Mann, wanda ya kwashe shekaru yana harbe-harben gwaji a gonarsu, ya buga sakamakon a 1909. Yakan ɓata harsashi da gangan, wani a hanci wani a gindi, ya ga wanne ya fi kaucewa. Na gindi ne. Dalilin a bakin bindiga yake: lokacin da harsashi ke fita, in gindinsa a karkace yake, gefe ɗaya zai riga ɗaya barin bututu, iska ta fara tsere wa ta can, ta ture shi. Baba bai tsaya ga labari ba. Ya ɗauki biyar ya goga musu fayil a hanci, biyar a gefen gindi, ya ce in harba. Masu ɓataccen hanci sun ɗan buɗe kaɗan. Masu ɓataccen gindi kowa ya kama gabansa. Gani ya kori ji.

Da na fara duba gindi sai laifuffuka suka yi ta fitowa. Harsashin da nake zubawa, mai nauyin giren 170, wato kamar giram 11, yana da 'yar hular jan ƙarfe da ake maƙala masa a gindi don ta kare shi daga wuta. Dabara ce da ta haura shekara ɗari. Ashe wasu nawa a karkace suke zama, don wurin da ake yanke cibiyar zubi, wato rarar dalmar da ke daskarewa a bakin mazubi, yakan bar ɗan tudu idan na yi gaggawar yankewa. Sannan bakin kwanso, wato gidan albarushin da ake cusa harsashi a wuyansa: kayan aikin da na saya tun farko an yi su ne don harsashi mai riga, suna matse wuya sosai. Dalma mai laushi in ka tura ta cikin matsattsen wuya, ko dai bakin ya fere ta, ka ga ɗan zoben dalma siriri kamar zare a wuyan kwanson, ko kuma wuyan ya matse ta ta koma ƙarama. Na ciro guda ɗaya da na riga na haɗa na auna, .311 ɗina ya koma .3095. Duk wahalar da na sha, kwanso ya warware mini ita a ɓoye. Wani ɗan ƙarfe mai buɗe wuya, wanda kuɗinsa bai kai na cin abincin rana biyu ba, shi ya gyara.

Zubin kansa ba zan daɗe a kai ba, don hannu ke koyonsa. Mazubin ƙarfe ne gida biyu da ke haɗuwa, da maƙama ta itace. In ya yi sanyi harsashi ya fito da tamoji kamar fuskar tsohuwa, in ya yi zafi da yawa ya fito da hazo-hazo. Mai hazo ba ya damuna, mai tamoji tukunya yake komawa. Ashirin na farko kullum mayar da su nake yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kiɗa ɗaya: zuba, ƙirga, yanke, buɗe, ba tare da ka tsaya amsa waya ba. Bayan sun huce ina ɗora su a sikeli ɗaya-ɗaya. Wanda ya fi 'yan'uwansa sauƙi da fiye da rabin giren, akwai yiwuwar kumfar iska ce ta ɓuya a cikinsa, kuma in kumfar ba a tsakiya take ba, daidai yake da taya marar balans. Baba ya ce mutanen Harry Pope, maƙerin bututun da ya yi suna wajen 1900, har jera harsashi suke yi bisa yadda suka fito daga mazubi, su harba su a jere haka, a tsaye, a yadi 200. Ni ban kai nan ba. Ina da aiki da 'ya'ya.

Maganar taya ta tuna mini. Shekaru da yawa dalmar balansin taya ita ce abincin masu wannan sana'a, a je shagon taya a karɓo bokiti. Yanzu jihohi da dama sun hana ta, yawancin abin da ke cikin bokitin zinki ne da baƙin ƙarfe. Zinki ɗaya in ya narke a tukunya, sai ruwan dalmar ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ya ƙi cika mazubi. Na yi asarar tukunya guda a haka. Yanzu kowanne sai na cije shi da filaya, mai laushi in ajiye, mai tauri in jefar.

Sai gudu. Wannan shi ne inda zuciya ke yaudarar mutum, domin kowa yana son nasa ya kai na kanti, wanda ke fita da ƙafa 2,200 a daƙiƙa. Murɗin bututuna juyi ɗaya ne a kowane inci goma. A lissafa: a ƙafa 1,800, harsashi yana juyawa sau 129,600 a minti. A 2,200, sau 158,400. Injin motarka in ya kai dubu shida ihu yake yi. Duk wani ɗan aibi da ke jikin dalma, juyin nan yana ninka shi. A tawa bindigar, daga 1,600 zuwa wajen 1,850 ramuka suna zama kusa da juna, ina haura haka sai su fara watsewa, ba a hankali ba, kwatsam, kamar an kori kaji. Winchester 94 ta Baba, mai juyi ɗaya a inci goma sha biyu, tana jure gudun da ya fi haka da harsashi iri ɗaya. Na haƙura na tsaya a inda tawa ke so. Barewar da ke yadi saba'in a cikin kurmi, wanda shi ne nisan da ake harbi a dajinmu, ba ta san bambanci ba.

Man da ake cusawa a tsagin jikin harsashi, namu na gargajiya ne, rabi kakin zuma rabi wani maiƙo da ake kira Alox. Alamar ya wadatar ita ce ka ga ɗan tauraron maiƙo a bakin bindiga bayan harbi kaɗan. Aibinsa sanyi. A Disamba, harbin farko daga bututu mai sanyi yakan hau sama da kusan inci biyu, kuma a farauta harbin farkon nan shi ne duka. Don haka na koyi in san inda na farko ke zuwa, ba inda na biyar ke zuwa ba, kuma ba na wanke bututu ana jibi fita daji. Matasa yanzu fenti suke gasa wa harsashi a tanda, ja da kore da shuɗi kamar alewa. Na gwada, yana aiki, hayaƙi ma ya fi kaɗan. Amma yana ƙara wa hanci kauri, nawa suka fara cijewa wajen shiga, kuma ni dai ƙamshin kakin zuma a gareji yana cikin abin da nake so.

Tsakuwa ta ƙarshe ni ne. Akwai lokacin da na riƙa harba uku-uku, in ta yi kyau in yanke takardar in sa a aljihu, in ta ɓaci in ce iska ce. Baba ya gan ni ya ce, "Uku sa'a ce, yaro. Harba goma, kuma ka ƙirga wanda ba ka so." Da na koma goma-goma, rabin abubuwan da na rantse sun taimaka sai suka zama ba su canza komai ba. Na kuma gane bindiga mai liba tana da halinta: bututun ajiyar harsashi a ɗaure yake da na harbi, in suka yi zafi ramuka sai su fara hawa sama a layi. Minti biyu tsakanin harbi da harbi ya kashe wannan. Wurin da nake ɗora ta a kan buhun yashi ma yana da tasiri, kusa da gidan kunama ta fi natsuwa. Yanzu ina da littafi mai bangon kwali, abu ɗaya tak nake canzawa a kowace fita, in rubuta zafin rana da iska. Mafi kyawun abin da ke cikinsa: goma a inci biyu da kwata, a yadi ɗari. 'Yan gasar harsashin zubi da manyan bindigoginsu na kan tebur za su yi murmushi, su inci ɗaya suke nema ko ƙasa da haka. Ni da tsohuwar mai liba, na liƙa takardar a bangon gareji.

Uwargida ba ta taɓa son wannan harka ba, kuma tana da hujja. 'Yar Gusau ce. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, tana gida. Yara sama da ɗari huɗu gubar dalma ta kashe, daga ƙurar dutsen zinariya da ake daka wa a tsakar gida. Ranar da ta ga tukunyar narki ta ce, "Baban Ummi, abin da ya ƙarar da yaran Dareta shi ka kawo mini gida?" Ban da amsa. Muka yi yarjejeniya: zubi a garejin Baba kawai, ƙofa a buɗe da fanka, tufafin aikin da takalmin can suke kwana, ba ci ba sha, wanke hannu kafin in taɓa ƙofar gida, yara ba sa leƙawa, kuma duk shekara a ɗebi jinina a auna. Naman da ke kewaye da inda harsashi ya bi, da faɗi nake yanke shi in zubar. Sharuɗɗanta ne, ban tauye ko ɗaya ba. Baba ya ƙara nasa guda: kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunya. Yana da tabo a wuyan hannu, na wani ludayi mai laima da ya tsoma a 1974, dalma ta yi tsalle har rufi.

Watan jiya na kira kawuna a ƙauye. Tsohon mafarauci ne, da bindigar toka ya yi zamaninsa, irin wadda ake ɗura wa ta baki a danna da sanda. Na yi ta ba shi labarin maikiromita da kashi biyu cikin dubu na inci, yana saurare, ina jin awaki a bayansa. Da na gama ya ce, "To ɗan nan, duk wannan awon, daga ina kake harbin?" Na ce kamar taku ɗari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Taku ɗari? Me ya hana ka matsawa kusa?"

Na faɗa wa Baba washegari. Ya yi dariya har da tari, ya ce in tambayi Kawu ko yana karɓar almajirai. Sannan ya miƙo mini wani tsohon mazubi da ya tono a ƙasan akwati, mai hanci ya fi nawa faɗi, ya ce ranar Asabar in zo da wuri kafin iska ta tashi.